Shekarar da Na Ƙi Sa Hannu

Ku biyu kun taso da labari iri biyu a kan rasuwar Baffanku Lawal, kuma babu ko ɗaya da kuka ji daga bakina. Kai Mukhtar ka riƙe wanda abokan aikina suka faɗa ranar walimar ritayata, cewa na tsaya kai da fata na kare ma'aikata daga haɗari. Ke kuma Fa'iza kin tsinci ɗayan a gidan suna, wurin matan da suka ga da Turanci kike amsa gaisuwa suka zaci ba kya jin Hausa: wai uwarki ce ta hana a yi wa wan mijinta magani a asibitin da take aiki, har ciwo ya ci ƙarfinsa. Kowanne da gaskiya a cikinsa, kowanne kuma an yanke masa wani abu. Yanzu na ajiye aiki, Abbanku Bashir ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka san abin daga tushe daga ni sai Mama Asabe. Ga shi yadda ya faru.

Kun san Baffa kuna ƙanana, don haka sai na gaya muku matsayinsa a wurinmu. Shi ya fara zuwa London a gidansu. Direban bas ne, ya fi shekara ashirin yana bin Old Kent Road sama da ƙasa, har masu shagunan hanyar sun san shi, yana wucewa suna ɗaga masa hannu. Da muka zo ni da Abbanku, a flat ɗinsa na council, gidan hayar gwamnati, muka sauka. Ya kwashe 'ya'yansa ya mayar da su falo ya ba mu ɗakinsu, muka yi wata tara a ciki, bai taɓa tambayar yaushe za mu tashi ba. Matarsa Asabe, faccalata, ita ta koya mini hawan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa da kuka. Da na koma karatu, a bayanta kuka yi wayo ku duka biyun. Yaya nake ce mata, shi ma Yaya nake ce masa. Shi kuwa ƙato ne, mai jiki, kujerar direba da ƙyar take ɗaukarsa. Ku riƙe wannan, domin girman jikinsa ya shigo cikin maganar.

Mutanenmu Dakta suke ce mini, har na gaji da gyarawa. Ni ba likita ba ce, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Fiziks na karanta, kuma aikina a sashen gashin ciwon daji, inda ake ƙona shi da haske, abu biyu ne: in tabbatar hasken da na'ura ke aika wa ciwon daidai yake da abin da likita ya rubuta, in kuma tabbatar ba ya tsallake bangon ɗakin ya sami waɗanda ke waje. A shekarar da nake magana asibitinmu ya cire tsohuwar na'ura daga ɗaki na huɗu ya dasa sabuwa. An yi watanni ana aikin, layin marasa lafiya yana ta tsawo. Tsohuwar ƙarfi ɗaya gare ta. Sabuwar tana da biyu, ƙarami da babba. Babban shi ake so ga ciwon da ke can cikin jiki, musamman ga mai ƙiba, domin yana ratsawa ya isa wurin ba tare da ya yi ɓarna sosai a hanya ba. Kafin nan na'ura ɗaya tak muke da ita mai babban ƙarfi, kuma ta cika maƙil. A daidai wannan lokacin aka gano Baffa yana da ciwon daji a mafitsara. Likitarsa ta ce babban ƙarfi za a yi masa, aka yi masa booking a ɗaki na huɗu, a makon farko na buɗe shi.

Sai dai babban ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. Idan hasken ya kai wani mataki, yakan daki ƙarfen da ke cikin kan na'urar ya fizgo wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa daga tsakiyar ƙwayar zarra, ana kiran su nutron. Ba a ganinsu, ba a jinsu, wutar lantarki ba ta jan su ba ta tunkuɗe su, ba abin da ke tsayar da su sai karo. Illarsu a jiki kuma ta danganta da gudunsu: mai gudu yana iya ninka ɓarnar hasken hoton asibiti har sau ashirin, wanda ya lafa kuwa bai kai haka ba ko kusa. Kamfanin da ya zana gyaran ɗakin ya lissafa cewa ƙofar da ke nan, mai dalma a ciki, za ta wadatar. Shugabana a lokacin yana kwance an yi masa aiki, saboda haka takardar da ke cewa ɗakin ya halatta a yi amfani da shi ta faɗo a kan teburina. Mitar awon hasken da muke da ita ba ta ganin nutron. Na yi waya wani asibiti na aro tasu, wata farar ƙwallon roba kamar kankana, mai nauyin gaske, na ɗauko ta a tasi a kan cinyata.

Wadda ta kunna mini na'urar ranar ita ce Rifkatu, 'yar wajen Jos, ɗaya daga cikin masu kwantar da marasa lafiya su saita su, su fito su danna maɓallin na'urar. Kirista ce, Hausarta ta fi tawa zaƙi, kuma mu biyu kaɗai muke da wannan yaren a duk sashen. Teburinta taku uku ne daga ƙofar ɗakin. Na aje ƙwallon a bakin ƙofa na ce ta ba da ƙaramin ƙarfi, allurar mitar ba ta motsa ba. Na ce ta ba da babba. Allurar ta tashi ta tsaya a inda ban so ba. Na matsar da ƙwallon kan teburinta, kusa da kofin shayinta, muka sake.

"Anti, fuskarki ta canza," in ji ta. "Me kika gani?"

"Bari mu maimaita tukuna."

Muka maimaita sau huɗu. Ta dubi mitar, ta dubi kujerarta.

"A nan fa zan riƙa wuni, Anti."

"Na sani," na ce mata.

In faɗa muku gaskiyar girman abin, don masu yabona sun kumbura shi. Ba haɗarin da wani zai yanke jiki ya faɗi ba ne. Ko Rifkatu ta shekara a wurin ba za ta ji komai a jikinta ba. Ƙari ne kaɗan a kan yiwuwar kamuwa da ciwo bayan shekaru masu yawa, irin wanda ba za a taɓa iya nuna mutum a ce wannan ne ya same shi ba. Amma ya ninka abin da muka tsara wa ɗakin, kuma ni aka ɗora wa tsaron wannan iyakar. Na sa hannu a kan ƙaramin ƙarfi, na rubuta cewa babban ba zai yi aiki ba sai an gyara ƙofar. Manajan sashenmu Bature ne mai haƙuri, ba mugu ba ne kamar yadda aka riƙa ba ku labari. Ya kira ni ofishinsa ya shimfiɗa mini sunayen masu jira, ya ce gyaran zai ci wata biyu, sannan ya kawo shawara. Ya ce tun da lissafina na ɗaki mai aiki safe zuwa yamma ne, me zai hana a yarda da mutum uku kacal a rana, waɗanda suka fi matsuwa, kafin a gama? Na duba takardar. Sunan Baffa ne na biyu. Na gaya masa wan mijina ne. Ya ce likitoci ne suka jera sunayen ba ni ba, in je in yi tunani zuwa Litinin.

Kafin in isa gida wasiƙa ta riga ni, domin ofis ya aika wa duk masu babban ƙarfi cewa an yi cancel sai an neme su. Yaya Asabe ta kira Abbanku a wurin aiki, shi kuma ya tare ni a kicin ko jakata ban ajiye ba.

"Saude, gaskiya ne ke kika rufe ɗakin?"

"Rabinsa na rufe."

"Rabin da Yaya yake buƙata."

Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu. Abbanku ba mai faɗa ba ne, kun sani.

"Ni ban san fiziks ba," ya ce. "Na san mutumin nan fitsarin jini yake yi. Ki je ki gaya masa da bakinki."

Ranar Lahadi bayan azahar muka je. Yaya Asabe ta amsa sallamarmu ta kawo ruwa, ba ta zauna ba, ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tawul a kafaɗa. Baffa yana kan doguwar kujera, ya rame a wuya amma jikin yana nan. Ya sa aka rage talabijin.

"To ƙanwata, zo ki gaya mini. Mene ne wannan abin da ya fi ƙarfin ƙofar ƙarfe?"

Na gaya masa sunansa da inda yake fitowa.

"Gudun nawa yake yi?"

"Idan ya fito daga na'urar, wajen kilomita dubu goma sha huɗu."

"A awa?"

"A sakan ɗaya, Yaya. Kafin ka ƙifta ido ya je Kano ya dawo ya sake komawa."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ai ba a ba shi lasisi. To da me ake taka masa birki?"

Na ce masa a nan matsalar take. Na ce ya ɗauka ya buga ƙwallo ta daki bangon siminti: za ta dawo da kusan duk ƙarfinta, domin bangon ya fi ta nauyi nesa. Amma idan ta daki wata ƙwallon mai nauyinta, tana iya tsayawa cak, waccan ta tafi da gudun. Dalma a wurin nutron bango ce, sai ya yi karo da ita kusan sau dubu biyu kafin ya lafa. Abin da ke daidai nauyinsa shi ne haidirojin, wanda ke cikin ruwa da roba da kitse. Da shi karo goma sha takwas ko ashirin sun isa. Idan ya lafa gudunsa ya dawo kilomita biyu da 'yan kai a sakan, ƙarfinsa kuma ya ragu sau miliyan arba'in, a lokacin ne ake iya kama shi. Allunan roba masu kauri ƙofar take buƙata, ba ƙarin ƙarfe ba.

"Wato abu mai taushi ne maganinsa," in ji Baffa. "Ikon Allah. To jikin mutum fa? Ai mu ma ruwa ne."

"Shi ya sa yake sauke ƙarfinsa a jikinmu."

Ya jinjina kai. Ya tambayi wa ke zama a bakin ƙofar, na gaya masa. Ya tambaya ko tana da 'ya'ya, na ce ba ta daɗe da aure ba. Daga nan Yaya Asabe ta yi magana, ba tare da ta matso ba.

"Ita yarinyar ciwo take yi?"

"A'a, Yaya."

"Gobe za ta kamu?"

"A'a."

"Baɗi fa?"

"Ba na jin haka."

"To ga wanda yake ciwo yau a gabanki. Na ji an ce an ba ki zaɓin mutum uku a rana. Bashir ya gaya mini. Saude, ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Baffa ya ce mata ta bari. Ya ce shi ma akwai ranar da aka ba shi bas mai birkin da bai yarda da shi ba, fasinja cike a tasha ana ruwan sama, ya ƙi fita da ita, aka zage shi tas. Ya ce kowa da amanar da aka ba shi, in yi abin da na ga daidai ne, sauran na Allah ne. Na lura bai ce in ƙi ba. Kuma da muka tashi tafiya ya riƙe hannun Abbanku ya daɗe bai saki ba.

Ranar Litinin na ce wa manaja ban yarda ba. Dalilan da na rubuta biyu ne, kuma har yau ban ga ƙarya a cikinsu ba. Na farko, awo ɗaya gare ni da mitar aro guda ɗaya, ita kuwa irin wannan mitar ba ta gaya maka gudun abin da ta ƙirga. Tana iya ƙarawa, tana iya ragewa, ban san ta wane ɓangare ta karkata a ɗakinmu ba. Na biyu, akwai ofishin sakatarori a saman ɗakin da ban samu na auna yadda ya kamata ba. Dalili na uku ban rubuta shi ba, ban ma yarda da shi a raina ba sai bayan shekaru. Ni kaɗai ce baƙar mace mai ɗankwali a wannan matakin a duk asibitin, kuma karo na farko ke nan da aka bar mini sa hannu. Na hango ranar da wani zai buɗe fayil ya ga na sassauta doka a makon da wan mijina yake na biyu a layi. Na ji tsoron wannan ranar. Nawa ne nauyin wannan tsoron a cikin hukuncin da na yanke, ban iya auna shi ba, amma yana ciki.

Na nemi a kawo ƙwararru masu cikakkun kayan awo. Sai da aka yi mako biyar kafin su zo, da ƙwallaye manya da ƙanana, kowacce tana kama masu gudu daban, suka wuni biyu suna aiki. Sakamakon ya nuna yawancin nutron ɗin da ke isa ƙofar sun riga sun yi ta karo da bangon siminti a hanya, gudunsu ya ragu ƙwarai, ita kuma mitar da na aro tana ƙara wa irin waɗannan lissafi. Ofishin sama lafiya lau. Ƙofar dai tana buƙatar gyara, a nan ban yi kuskure ba. Ɗakin ba zai yi cikakken aiki haka ba. Amma mutum uku a rana da bai kai ko kusa da iyaka ba. Da na yarda da shawarar manaja, da ba abin da ya sami Rifkatu ko waninta, kuma da Baffa ya fara gashinsa a ranar da aka sa masa. Wannan shi ne abin da ba a faɗa a walimar ritaya ba, domin waɗanda suka yi jawabin ba su sani ba, ko sun manta. Ni ban manta ba. Na gaya wa Abbanku a ranar da takardar ta zo. Sai ya ce:

"Kada wannan ya fita daga ɗakin nan."

Na bi maganarsa muddin yana raye.

A mako na shida aka samo wa Baffa gurbi a wani asibiti can arewacin gari. Abbanku ya ɗauki hutu yana kai shi kullum, in bai samu ba su hau bas biyu da tube, Baffa da Yaya Asabe, yana tsayawa neman banɗaki a hanya. A mako na tara aka manna wa ƙofar allunan robarta, na auna, allura ta kwanta, na sa hannu. Baffa ya gama gashinsa ya samu sauƙi, har ya yi bazara guda yana zuwa Juma'a a masallacin Regent's Park da ƙafarsa, yana tsokanar ku a harabar masallaci. Da sanyi ya shigo ciwon ya bayyana a ƙashi. Ina zuwa duba shi, yana karɓata kamar da, bai taɓa tayar da maganar ba. Ya rasu kafin shekara ta zagayo. Bayan an yi bakwai na sami likitarsa a ofis na rufe ƙofa, na tambaye ta ko mako shidan nan ne. Ta ce irin ciwonsa, ga alama ya riga ya bazu tun kafin a gano shi, kuma a ganinta da wuya jinkirin ya canza ƙarshen. Na ce da wuya, ko bai canza ba? Ta ce ba za ta iya rantse mini ba. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma iyakar abin da zan iya ba ku.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ba ku dai san sunansa ba. Yaya Asabe ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Ta daina zuwa gidanmu ne kawai, idan na je nata a gaisa a tsaye. Ku tana karɓarku da hannu biyu, shi ya sa kuka daɗe ba ku gane ba. Ranar Sallah a Regent's Park takan shimfiɗa dardumarta a wani sahun. 'Ya'yanta suka koma ce mini Anti alhali a da Mama suke cewa. Abbanku kuwa bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi. Abu ɗaya ya canza. A da idan na dawo yakan ce, yau me aka auna? Yana jin daɗin labarin aikina ko bai gane ba, yana ba abokansa. Daga shekarar nan bai sake tambaya ba. Aka yi mini ƙarin girma sau biyu, ya ce Allah ya sa alheri, ya yanka kaza, amma bai tambayi mene ne sabon aikin ba. Muka zauna lafiya shekara goma sha takwas a haka. Rifkatu ta yi shekara goma sha ɗaya a wannan teburin, ta haifi 'ya'ya biyu, tana aiko mini da kati duk Kirsimeti tana cewa ni na tsare ta. Na sha gaya mata ba haka ba ne, ba ta yarda.

Da Abbanku ya rasu, kwana na uku da hantsi Yaya Asabe ta zo. Kuna falo da masu gaisuwa, ba ku ga wannan ba. Ta tsufa, tana dogara sanda, ta hau matakalar nan tamu da ƙyar. Ta yi wa maza ta'aziyya daga bakin ƙofa, ta wuce kai tsaye ɗakina inda nake zaune a kan darduma, ta ce wa matan da ke ciki su ba mu wuri. Ta zauna a bakin gado ta yi addu'a mai tsawo, ta ambaci Abbanku da alheri, ta ce shi ta fara yi wa tuwo a ƙasar nan bayan mijinta. Sannan ta ajiye sandar a gefe.

"Saude, tambaya ɗaya na zo da ita. Na bari sai yau, don yau ce ranar da za ki san amsarta."

"Ina ji, Yaya."

"Da a ce Bashir ne a layin nan, ba Lawal ba. Da kin sa hannun?"

Ina da amsoshi da yawa da na tanada cikin shekarun nan, na mitar aro, na ofishin sama, na doka. Na dubi rigar Abbanku da ke rataye a bayan ƙofa, wadda ban iya saukewa ba tukuna.

"Da na sa, Yaya," na ce. "Da ko Litinin ɗin ban jira ba."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na sani," ta ce. "So nake in ji ko ke ma kin sani."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ɗauki sandarta, ta leƙa falo ta ce wa babbar 'yarta ta koma gida ta kwaso mata kayan sawa da magungunanta. A ɗakin nan ta zauna tare da ni, wata huɗu da kwana goma, har na fita takaba.